Gudun Waya Da Tsimin Batiri: Nasiha Ga Malamai Da Fataken Gatawa

Ga wata mas'ala da ta shigo kasuwa tare da wayar hannu, wadda ya kamata a dube ta da idon basira tun ba ta ci dukiyar mutane ba. Mas'alar kuwa ita ce ta fasa makullin waya domin a taɓa saitin ƙwaƙwalwarta, aikin da masu gyara ke kira rutin. Samari masu wayon na'ura sukan ce wa mai waya, in ya yarda aka yi mata wannan aiki za ta yi gudu kamar sabuwa. Wasu kuma su ce batirinta zai riƙa kwana biyu ba caji. Maganar da za a tsayar a nan ita ce, mutumin bakin iyaka ya fi bukatar waya mai jimiri bisa ga waya mai gudu, kuma mafi yawan jimirin nan ana samunsa ba tare da an fasa kome ba. Ga dalilai bi da bi.

Fasali na farko, a kan ƙwaƙwalwar waya da yadda take aiki.

Cikin kowace babbar waya akwai wani ɗan guntun abu wanda bai wuce girman farce ba, shi ake kira farosesa, watau ƙwaƙwalwa. Shi ke lissafin duk abin da waya ke aikatawa, tun daga buɗe saƙo har zuwa fitar da muryar mai karatu. Aikinsa bugu-bugu ne kamar na zuciya, ana kuwa auna saurinsa da gigahaz. Gigahaz ɗaya bugu miliyan dubu ke nan cikin sakan guda.

Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'ar ƙasar nan su ne Tecno da Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsu galibi ta kamfanin MediaTek ce na Taiwan, ko ta Unisoc. A ɗauki misalin wadda ake kira Helio G85, da ta fito cikin 2020. Ma'aikata takwas ne a cikinta: manya biyu masu kaiwa gigahaz 2, da ƙanana shida masu kaiwa 1.8. Wannan dabara ta haɗa manya da ƙanana kamfanin ARM na Ingila ya bayyana ta cikin 2011. Misalinta kamar ayari ne mai raƙuma da jakuna. Kaya mai nauyi a ɗora wa raƙumi, ɗan ƙunshi kuwa jaki ya isa, domin cin raƙumi ba ɗaya yake da na jaki ba.

Ayari kuwa ba ya tafiya sai da madugu. A cikin waya akwai wani tsari mai wannan matsayi, masana suna ce da shi gwamna. Shi ke duban nauyin aiki sau da yawa cikin kowane sakan, ya ƙara sauri ko ya rage. Irinsa ya kasu: akwai mai sukuwa, wanda ke riƙe ƙwaƙwalwa a ƙarshen gudunta kullum, akwai mai tsimi, wanda ke danne ta a ƙasa kullum, akwai kuma mai lura, wanda ke hawa da sauka gwargwadon bukata. Wannan na uku shi maƙeran waya ke sa wa, su kulle ƙofarsa. Abin da mai rutin ke nema shi ne ya karya ƙofar nan, ya sauke madugun da aka naɗa, ya sa nasa, ko ya ɗaga iyakar gudu sama da inda aka tsayar, ko ya rage ƙarfin wutar da ake turawa.

Fasali na biyu, a kan lissafin riba da hasara.

Fatake sun san ba a yabon ciniki sai an zauna da alƙalami. To, ga lissafin. Wutar da ƙwaƙwalwa ke sha tana tafiya da abu biyu: yawan bugu, da ƙarfin turin wuta. Na farko sau ɗaya yake shiga lissafi, na biyu kuwa sau biyu, watau ana ninka shi da kansa. Kuma ba a ƙara bugu sosai sai an ƙara turi, in ba haka ba lissafin ƙwaƙwalwa ya rikice. Saboda haka in an ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari, aka ƙara turi da kashi 10, wutar da za a sha ta ƙaru da wajen kashi 45. Wane ɗan kasuwa ne zai biya arba'in da biyar domin ya karɓi ashirin? Abin da ya daɗa muni, duk wutar nan zafi take komawa. In waya ta yi zafi, akwai mai tsaro a cikinta wanda ke rage gudu tilas domin kada ta ƙone. Sai a tarar wanda ya nemi sukuwa ya samu ta ɗan lokaci, sa'an nan waya ta koma tafiyar da ba ta kai ta dā ba. Garin neman gira an rasa ido.

Sauran masu cewa a rage. Gaskiya ne in an rage turi da kashi 10 cikin ɗari, shan wutar ƙwaƙwalwa zai sauka da wajen kashi 19. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba a musunta ta. Amma tana da sharuɗɗa. Na ɗaya, ƙwaƙwalwa biyu da suka fito daga maƙera guda ba su jure ragi daidai da juna, kamar yadda tagwaye ba su zama da ƙarfi ɗaya. Adadin da ya zauna lafiya a wayar wani yana iya sa ta wani ta daskare ko ta mutu ta tashi da kanta ana tsakiyar magana. Na biyu, wayoyi masu araha da yawa ba su ba da hanyar taɓa turin wuta ko an fasa su, sai dai manhaja ta nuna lambobi a fuska alhali ba abin da ya sauya a ciki. Na uku, danne gudu ƙasa ƙwarai ba kullum yake tsimi ba. Aikin da zai ƙare cikin sakan biyu in ya ɗauki shida, to fuskar waya da sashen sadarwarta sun zauna a kunne sakan shida suna jira, su ma suna sha. Ma'aikacin da ya gama da wuri ya kwanta, wani lokaci ya fi mai jan ƙafa sauƙin ciyarwa.

Fasali na uku, a kan abin da ke cinye batiri a Gatawa.

Likita na gari ciwo yake nema kafin ya ba da magani. Waɗanda suka ƙago dabarun nan mutanen manyan birane ne, masu wutar lantarki dare da rana, masu turakun sadarwa a kowace unguwa, masu yawan wasanni a waya. Halin ƙasar Gobir daban yake, ɓarayin batiri a nan kuwa uku ne, ƙwaƙwalwa ba ta cikin na gaba.

Na farko nisan turken sadarwa. Waya da turke kamar mutum biyu ne masu magana a fili: in suna kusa raɗa ta isa, in sun yi nisa sai da ihu. A tsohon tsarin kira na 2G waya tana iya ɗaga muryarta har wat 2 in turke ya yi nisa, alhali a gindinsa ba ta bukatar ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan. In sabis ya ɗauke ɗungum, sai ta shiga nema ba hutu. Mutanen Sabon Birni da Isa sun ga wannan da idonsu cikin watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har masu bukata suka koma neman layin Jamhuriyar Nijar daga wajen Maraɗi. Mai layi biyu, ɗaya na Nijeriya ɗaya na Nijar, wayarsa turke biyu take saurare, in ɗaya ya ɓace ta yi ta lalubensa. Ba wani gyaran ƙwaƙwalwa da zai matso da turke kusa.

Na biyu fuskar waya. A tsakar rana ba a ganin rubutu sai an ƙure haske, hasken nan kuwa yana cikin manyan masu shan wuta a kowace waya.

Na uku zafi. Batirin wayoyin yau na sinadarin litiyam ne, babu abin da ke tsufar da shi kamar zafi. Kamfanin Apple ya rubuta cewa wayarsa an yi ta domin aiki tsakanin digiri 0 da 35. A ƙasar Sakkwato kuwa, cikin bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40 a inuwa. Watau tun ba a taɓa kome ba waya ta riga ta fita daga haddin da aka gina ta a kai. Wanda ya ƙara mata gudu a wannan hali, ya ƙara itace ne a tukunyar da ke tafasa. Batirin da aka rubuta wa miliyamfa 5,000 sai ya rame kafin lokacinsa, wani ya kumbura ya ɗaga murfi, kumburarren batiri kuwa haɗarin gobara ne a ɗaki ko a rumfa.

Fasali na huɗu, a kan abin da ake rasawa in an fasa makulli.

Farkon abin da ke faruwa sa'ad da aka buɗe makullin tushe na Android shi ne waya ta share duk abin da ke cikinta. An tsara haka da gangan domin kada ɓarawo ya kai ga asirin mai ita. Malamin da ya tara karatun tafsiri na shekaru, da hotunan shafukan littattafan da ya gada, da lambobin almajiransa da suka watsu Kano da Zariya da Maraɗi, in bai kwafe su wani wuri ba, sun tafi cikin minti guda. Haka falken da ya mai da wayarsa littafin bashi.

Na biyu kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, cinikin hatsi da albasa da dabbobi ya koma turawa ta waya ƙwarai da gaske. Manhajojin banki da yawa suna bincikar waya kafin su buɗe, in sun tarar an fasa ta sai su ƙi aiki. Akwai dabarun ɓoye fashin, irin su Magisk, amma tsere ne wanda ba ya ƙarewa: yau a ɓoye, gobe kamfanin Google ya sabunta bincikensa a gano. Mutum ya kai buhunan wake kasuwar Shinkafi, a gama ciniki, manhaja ta ƙi buɗewa ya tabbatar kuɗi sun shigo, wa zai kama? Bankuna kuwa suna da hujja. Makullin nan shi ke raba tsakanin manhaja da manhaja kamar katanga tsakanin gidaje. In an rushe shi, muguwar manhajar da ta samu izini tana iya karanta saƙon lambar sirri da banki ke aikowa.

Na uku lambar shaidar waya, wadda ake kira IMEI. Wayoyi masu ƙwaƙwalwar MediaTek an san su da wannan ciwo: in mai filashin ya yi kuskure ya goge sashen da lambar ke zaune, waya za ta kunnu lafiya amma ba za ta ƙara ganin sabis ba sai an sake wani aiki, wanda sau da yawa sai an kai ta birni, ko har kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Ban da wannan, garantin kamfani yakan faɗi, sabuntawar tsaro da ke zuwa da kanta takan tsaya.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Ba wanda zai gaya wa mutumin Gatawa halin da hanya ke ciki. Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato aka kama shi cikin Yuli na 2024, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi cikin Agusta. Allah ya jiƙansa. A ƙasa irin wannan, waya ita ce ke gaya wa direba ya dakata, ita ke gaya wa manomi ya baro fadama, ita ke gaya wa iyali an sauka lafiya. Abin da rai ya rataya a kansa ba a yin gwaji da shi. Wayar da ke buɗe hoto da jinkirin sakan biyu ba ta kashe kowa ba. Wadda ta daskare da tsakar dare domin an rage mata wuta fiye da kima, ko ta mutu da la'asar domin an sa ta sukuwa tun safe, ita ce abin tsoro.

Fasali na biyar, a kan hujjojin masu saɓani.

In wani ya ce waya dukiyar mai ita ce, yana da ikon yi mata abin da ya so, sai a ce haka ne, ba mai hana shi. Amma ciniki ba ya inganta sai an bayyana aibi. Mai gyaran da ya faɗi gudu ya ɓoye zafi da sharewa da rufewar banki, ya sayar da doki ne bai faɗi ɗingishinsa ba.

In wani ya ce ai akwai tsofaffin wayoyi da kamfani ya daina kula da su, aka raya su da sabon tsari irin LineageOS, wanda ya gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, sai a ce wannan ma gaskiya ne, kuma ilmi ne mai amfani. Yaron da ke son ya koyi cikin na'ura ya kamata a ƙarfafa masa gwiwa, domin daga irinsa ake samun gwanayen gobe. Sai dai ya koya a kan wayar da ba kowa ke dogara da ita ba, wadda babu banki a cikinta, babu amanar kowa. Ba a koyon aski a kan ango ranar ɗaurin aure.

In wani ya ce maƙera suna danne gudu ne domin mugunta, su tilasta a sayi sabuwa, sai a ba shi labarin Apple. Cikin Disamba na 2017 kamfanin ya amsa cewa yana rage gudun wayoyin da batirinsu ya tsufa, domin tsohon batiri ba ya iya ba da wuta mai yawa farat ɗaya, sai waya ta mutu ba zato. Hukumar Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 cikin 2020 saboda bai sanar da masu saye ba. Laifin ɓoyewa ya tabbata, amma dalilin ragin bai ƙaryatu ba. Darasin da ke ciki shi ne, tsohuwar waya mai nauyin jiki sau da yawa sabon batiri take bukata. Wanda ya ƙara mata gudu a kan tsohon batiri ya yi kishiyar magani.

Fasali na shida, a kan abin da ya kamata a yi.

Ƙofofin da maƙera suka bari a buɗe sun isa. Tun Android na 5, cikin 2014, akwai saitin tsimin batiri, wanda ke rage aikin da manhajoji ke yi a ɓoye, a wayoyi da yawa har ya sassauta gudun ƙwaƙwalwa, ba tare da an karya kome ba. A kunna shi tun safe ranar tafiya, kada a jira sai batiri ya yi ja. A rage hasken fuska gwargwadon abin da ido zai iya. Wayar da fuskarta ke sabuntawa sau 90 ko 120 a sakan, a mai da ita 60. Inda aka san babu sabis, a sa babbar waya a yanayin jirgin sama, karatun da aka adana a memori zai ci gaba da fita. Layin da ba ya kamawa a wurin da mutum yake, a kashe shi har a isa inda yake aiki. A rufe data in ba a bukatarta.

Wanda nauyin waya ya dama, ya duba ma'ajinta tukuna. Galibi bidiyon da WhatsApp ke saukewa da kansa ne ya cika ta, sai a hana shi, a kwashe tsofaffi. A guji manhajojin da ke alkawarin ƙara gudu ko sanyaya waya, domin abin da suke rufewa yakan sake tashi ya sha wuta sabuwa, ga tallace-tallacen da suke jawowa.

A kiyaye zafi. Kada a bar waya a gaban mota, ko kan buhu a rana, ko ƙarƙashin matashin kai tana caji. Masu shagon caji, waɗanda tsadar fetur tun cire tallafi a watan Mayu na 2023 ta tura da yawansu ga sola, su daina jibga wayoyi kan juna, su ba su inuwa da iska. Batirin da ya kumbura a sauya shi nan da nan.

Daga ƙarshe, duk mai hali ya riƙe ƙaramar waya mai maɓallai tare da babbar. Tana kwanaki ba caji, ana kuma iya tura kuɗi da ita ta lambobin banki ba tare da intanet ba. Babba ta karatu da ciniki, ƙarama ta kira da labarin hanya. Malamai su faɗa wa almajirai, shugabannin kasuwa su faɗa wa yaran shago, masu gyara kuma su riƙe amanar abin da aka miƙa musu, su faɗi aibi kafin su karɓi lada.

Mutanen dā da suka bi hanyar Gobir da ayari sun san raƙumin da ake so shi ne mai kai kaya masauki, ko da wani ya riga shi barin gari. Tafiya sannu sannu, kwana nesa. Haza wassalam.